Aure Ya Kawo Ta Damagaram, Aikin Ya Tsaya a Kano

Matar da wannan nazari ya shafa Bakanuwa ce, ba ta cika shekara 30 ba, aure ya kawo ta Zinder, wato Damagaram ta Nijar, a watan Janairun 2023. Da izininta nake rubutawa, amma ba zan kama suna ba, na kuma sauya ƴan ƙananan abubuwa don kada a gane gidan. A unguwa Ƴar Kano ake ce mata, ni ma da shi zan tafi. Na san ta ne a ajin Faransanci na manya da nake koyarwa da marece bayan na tashi daga lakwal, wato makarantar boko. Abin da ya faru kafin zuwanta ajin, wani daga bakinta na ji shi, wani daga bakin maigidanta, wani kuma daga surukarta, wadda muka daɗe muna gaisawa.

Kafin aure tana da takardar NCE, shaidar malanta ta Najeriya, a fannin ilmin halittu da sinadarai, ta kuma yi shekara 4 tana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Kano. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma nata ne. Da shi take zubin adashi, da shi take sa wa mahaifiyarta hannu a cefane, ƙannenta ma suna ganin alherinsa idan an koma makaranta. Mijin ɗan kasuwa ne, yana da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Dole, sarin kaya kuma a Kantin Kwari yake yi. Can ya saba da yayanta, sabo ya kai ga neman aure. Ranar da manya suka zauna, baffanta ya yi tambaya ɗaya tak a kan aiki: "Yarinyar nan malama ce, za ta ci gaba?" Wakilan ango suka ce me zai hana, makarantu ga su nan birjik a Damagaram. Aka shafa fatiha.

Ba ƙarya suka yi ba. Ba su dai bincika ba, kuma babu wanda ya ga dalilin bincike. Tsakanin Kano da Zinder wajen kilomita 240 ne. Ka bi ta Daura da Kwangwalam, ka ƙetara Ɗan Barto, ka ratsa Matamaye, idan ka yi sammako a Damagaram za ka yi la'asar. Yamai, babban birnin ƙasarmu, kusan kilomita 900 take daga nan. Hausar ɗaya ce in ban da ƴan kalmomi, alƙibla ɗaya, ga auratayya tun kaka da kakanni. Da Faransa ko Amurka za a kai ta, da an yi wata da watanni ana tambayar yare da takardu da sanyi, da an nemo mata lambar wata ƴar gida da ke can. Da yake Damagaram ce, kayan ɗaki da gara kawai aka shirya.

A nawa ganin nan ne tushen lamarin duka. Ta bar ƙasarta ta koma wata, amma babu wanda ya ɗauke ta a matsayin wadda ta yi hijira, har ita kanta. Kasuwa da masallaci da gidan biki duk da Hausa suke magana da ita. Hukuma kuwa, wato lakwal da buro da likita da kotu, da Faransanci take rubutu tun bayan da Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926. Mai zaman gida ba za ta ji wannan bambanci sosai ba. Mai neman aiki kuwa da shi za ta fara cin karo.

Watannin farko

A babban gida aka sauke ta, a Zango, ita da surukarta da faccaloli biyu, kowa da sashensa. Abu na farko da ya kunyata ta lissafin kuɗi ne. Mai tumatir ya ce mata dala ashirin, ta duba tsabar da ke hannunta ta ga babu mai rubutun 20, ta tsaya tana jujjuya su, sai yarinyar da ta rako ta, ƴar shekara 9, ta zari wadda aka rubuta wa 100 ta miƙa. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma 1,000, kowane yaro ya san haka a nan. Aka dawo gida yarinya ta ba da labari, aka yi dariya, dariyar da babu mugunta a cikinta. Ita kuwa da ta saba tsayawa gaban allo tana warware lissafin sinadarai ga ɗalibai 50, daga ranar ta daina zuwa cefane, sai aike.

Sai ruwa. Ba wai Kano ta ƙoshi da ruwa ba ne, amma Damagaram kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake turo shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma da zarar bazara ta kama a watan Maris famfo sai ya ga dama, galibi cikin dare. Matan gidan sun san lokacin da za su farka su tara, sun san ɗan ga-ruwan da ba ya ha'inci. Ita sai ta wayi gari randarta a bushe ta shiga roƙo. Ƙananan abubuwa ne, amma kowannensu yana nuna mata cewa a gidan nan ita ce ba ta iya komai ba.

Tsokana kuma ba ta yankewa. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa daɗaɗɗe, ana danganta shi da yaƙe-yaƙen zamanin Sarki Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu a ƙarshen ƙarni na 19. Wasa yana daɗi ne idan kowane ɓangare yana da mai taya shi. Ita kaɗai ce Bakanuwa a gida mai mutum fiye da 20, ga kunyar amarci, sai ta yi murmushi ta shige ɗaki.

A ɗakin kuwa waya ce abokiyar zama. Tana cikin zauren WhatsApp na danginsu, da na malaman makarantar da ta bari, da na ƙawayen karatu. Ta san miyar da Ummanta ta kaɗa jiya, ta san malamin da ya makara a taron safe, amma ta yi wata uku ba ta riƙe sunayen ƴaƴan maƙwabciyarta ba. Maigida yana fita da hantsi, ya dawo bayan magariba, ya ci tuwo, bayan isha'i ya tafi fada wajen abokansa a kafa shayi sai tsakar dare. Haka ya saba tun yana saurayi, kuma bai ga laifin hakan ba, tun da a cewarsa gida cike yake da mutane.

Neman aiki

A watan Fabrairu ta fara fita da takardunta. Tun daga nan an yi kuskuren lokaci, don a Nijar farkon Oktoba ake komawa lakwal, masu makarantu kuma a Agusta da Satumba suke ɗaukar malamai. Wanda ya zo a Fabrairu ya tarar an riga an raba awoyi.

Aikin gwamnati a rufe yake gare ta tun daga ƙofa, domin na ƴan ƙasa ne. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 2014 ya yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, ya kuma ba wanda ya auri ɗan Nijar ko ƴar Nijar damar nema, amma sai aure ya cika shekara 3. Nasu auren ma a masallaci aka ɗaura shi a Kano, babu takarda ko ɗaya, sai daga baya suka sha zirga-zirga kafin su samu shaidar da hukuma za ta karɓa. Ita kanta NCE sai an kai ta Yamai an auna ta da takardun nan, abin da ƴan boko ke cewa ekibalans, bayan an fassara komai zuwa Faransanci.

Makarantu masu zaman kansu sun fi sauƙin kai, kuma can ta fi sa rai. Ta ba ni labarin wani darakta da ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, suka yi hira da Hausa kan Kano, har ya ce ƙanwarsa tana aure a Fagge. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya jera su, sannan ya ɗago kai.

"Madam, to ya Faransancin?"

Ta ce tana shirin koyo.

"Wallahi ina neman mai koyar da SVT ido rufe. Amma yaran nan da Faransanci za su rubuta BEPC. In na ba ki aji, na cuce ki, na cuce su."

SVT darasin ilmin halittu ne da na ƙasa, BEPC kuma jarrabawar kammala kolej ce, wato ƙaramar sakandare. Gaskiya ya faɗa mata. Ilmin da ke kanta shi ne dai wanda muke koyarwa, ƙwayar halitta ba ta canzawa don an ƙetara Ɗan Barto, sai dai kowane suna da kowace ma'ana da wani harshe ta haddace su. Kuma koyarwa ba ta tsaya a allo ba. Akwai littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar kullum, akwai takardar sakamako da ake ba da maki bisa 20, akwai taron malamai, duk da Faransanci. Daraktan ya yi mata maganar koyar da Ingilishi, wanda ake farawa tun daga siziyam, ajin farko na kolej. A lokacin ta ƙi. Ta ce ita malamar kimiyya ce, ba za ta koma koyar da gaisuwa da sunayen ranaku ba. Na fahimce ta, ko da yake ƙin ya ja mata fiye da shekara guda a zaune.

Ƙungiyoyin agaji ma ta gwada, tun da an ce suna son mai Ingilishi. Suna so, amma a kan Faransanci, ba a madadinsa ba.

Da ta kai kuka wajen maigida, amsarsa ba ta canzawa: "Me kika rasa? Ci ne, sha ne, ko sutura?" Shi a wajensa aikin mace neman kuɗi ne, kuɗi kuwa ga shi yana bayarwa. Ita kuma ta kasa gaya masa da baki cewa abin da ta rasa shi ne ta tashi da safe akwai inda ake jiran ta, a kira ta Malama, ta sayi katin waya ba tare da ta ce a ba ta ba. Ta ce min ranar da ta fi jin ciwo ita ce ranar da ƙaninta ya bugo yana neman kuɗin jarrabawa, ta ce masa bari Alhaji ya dawo.

Yulin 2023

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO, wato ECOWAS, suka zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Zinder da Maraɗi kuwa ta layin Katsina da Gazawa suke samun tasu. Kowa ya ji a jikinsa. Ƴar Kano ta ji ta fuska huɗu.

Tsokanar gida ta canza launi. Wuta na ɗaukewa sai a ce, "Amarya, ki gaya wa Tinubunku ya maido mana." Wata rana a gidan suna wata ta tambaye ta, in aka fara yaƙi ita ina ta nufa. Na tabbata mai tambayar ta manta kafin ta kai gida. Ita ba ta manta ba.

Kasuwar maigida ta tsaya, don kayansa daga Kano suke zuwa. Masu bin hanyoyin daji ba su fasa ba, amma kuɗin dako ya ninka, riba ta ƙanƙance, fuskar da yake shigowa da ita gida ma ta canza. Ajiyarta ta naira, kuɗin adashin ƙarshe da ta ɗauka kafin biki, ta narke tana kallo. Lokacin da ta zo, jika ɗaya ba ta fi naira 1,200 da ƴan kai ba. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta dinga zubewa, zuwa farkon 2024 jika ta haura naira 2,000, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Ƙungiyoyin da take wa kallon mafita su ma suka rage ma'aikata, saboda masu ba su kuɗi da yawa sun dakatar.

Ta huɗun ita ta fi nauyi. Tana da ciki, na fari. A al'ada idan ciki ya kai wata bakwai gida ake mai da mace goyon ciki, ta haihu gaban uwarta, ta yi wankan jego, sai an yi arba'in ta dawo. Tun ranar da ta tare take ƙidaya wannan tafiya. Da lokaci ya yi iyaka na rufe. Ta roƙi a bi da ita ta daji a kan babur kamar yadda wasu ke yi, maigida ya ce ba da cikinsa ba. A nan kam ina bayansa. Sai dai ya faɗi maganar ya fita fada, bai zauna ya ga abin da ta rushe ba.

Daga nan ta daina cin abincin kirki, barci ya ƙaurace mata, ta daina kitso da lalle, ta daina fitowa tsakar gida. Har wayar ta fara ƙin ɗagawa, don kada Umma ta ji muryarta. Mutanen gida suka ce laulayi ne. Da abin ya daɗe aka koma zargin iska ko baki, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Ba ni da ja da addu'a, ita ma ba ta da shi. Amma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya zauna ya ce mata, me ke damun ki?

Wadda ta yi tambayar ungozomar likita ce, a wajen awo. Ta ga nauyinta bai ƙaru ba tsakanin awo biyu, ta ga ba ta haɗa ido da kowa, sai ta bar ta har layi ya ƙare, ta rufe ƙofa. Ƴar Kano ta ce ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta garin. Ungozomar ta ce a turo mata mijin, kuma da ya zo ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce matarsa tana da alamun ciwon damuwa, ciwo ne da likita ke dubawa, kuma yana iya taɓa abin da ke cikin. Ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 10 cikin 100 na masu ciki, da kashi 13 na masu jego, suna fama da irin wannan larura, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa abin ya fi haka. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce, idan ƙunci da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu ba sassauci, a kai mutum a duba shi. Idan kuwa ya fara zancen gara mutuwa, ranar za a kai shi. An haɗa ta da likita, abin da suka yi kuma tsakaninsu ne. Abin da gida ya gani shi ne maigida ya rage fada zuwa dare biyu a mako.

Ta haihu a Janairun 2024, mace. Surukarta ce ta yi mata wankan jego, safe da marece, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya a babbar tukunya, ta dama kunun kanwa da hannunta ba ta bar wa faccaloli ba. A cikin kwanakin nan ne, tana fyaɗa mata ruwan zafi a baya, ta ce, "Ɗiyata, ni ma kawo ni aka yi. Daga wajen Gure aka ɗauko ni ina ƴar shekara goma sha biyar, na shekara biyu ban ga uwata ba. Kukan da kike yi na san shi." Tun daga lokacin Hajiya ta hana tsokanar Tinubu a gidan. Kewa ta gane ta sarai. Maganar aiki ce ba ta shige ta ba, har yau kuwa, don a ganinta mace mai miji da ɗiya da rufin asiri ta gama samu.

Tafiya Kano

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe tata ranar 22. Da ƙaramar Salla aka kai ta gida da jaririya, da sunan mako biyu. Ta yi kusan wata biyu. A Zango aka fara raɗe-raɗin yaji.

Makon farko daɗi ne zalla, gurasa da dangi da ƴan barka. Daga nan ta fara ganin abin da waya ba ta nuna mata ba. Ɗakinta ƙanwarta ta gaje shi. Ta leƙa makarantarsu, aka yi murna, aka ɗauki jaririya, ƙararrawa na bugawa kowa ya kama ajinsa, wani saurayi ya shiga nata. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya cinye rabin albashin ƙawayenta, kowacce da nata kukan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Umma kuma, wadda ta fi kowa kewar ta, ita ta fara cewa, "Ke fa matar aure ce, yaushe za ki koma ɗakinki?"

Sai ta buɗe wa baffanta ciki, shi da ya yi tambayar farko. Ya kira maigida, suka zauna da yayanta. Baffan bai yi faɗa ba. Ya ce, "Alhaji, amana muka ba ka, ka kuma riƙe, ba mu ga rama ko tsumma ba. Amma an yi mana alkawarin aiki, mu ma ba mu tambayi yadda za a yi ba. Yanzu mu gyara." Aka tsayar da magana a fili: za ta shiga ajin Faransanci shi zai biya, za ta fita ajin da neman aiki ba sai ta nemi izini kowace rana ba, za a ba ta wani abu duk wata wanda ba na cefane ba kuma ba za a tambaye ta lissafinsa ba, za ta zo gida sau biyu a shekara a lokacin da aka sani tun da wuri, shi kuma zai bi maganar takardu. Maigidan ya ce min daga baya abin da ya fi ba shi mamaki shi ne arhar abin. Ya zaci saki za a nema ko komawa Kano da zama.

Bayan dawowa

A watan Yuni ta zo ajina, goye da ɗiya. Ajin na ƴan kasuwa ne da matan aure da ƴan ƙalilan da suka yi karatun Larabci. Ta fi kowa saurin karatu, don kalmomin boko da yawa sun yi kama da na Ingilishi, ta kuma fi kowa tsoron buɗe baki. Wanda bai taɓa shiga aji ba ba ya jin kunyar kuskure, malama kuwa tana ji. Sai na ɗora mata aiki, na ce duk ranar Laraba ita za ta ɗauki rabin awa ta koya wa ƴan kasuwar ajin Ingilishin ciniki da na waya. Ranar farko da ta riƙe alli murya ta fito, har ta tsawata wa wani Alhaji mai shagon taya da ke hira a baya. Bayan an tashi ta ce, "Tanti, ashe ban manta ba."

Wata ƴar ajin ce ta ja ta cikin asusun matan unguwarsu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a yankin Maraɗi a 1991, ana zubi duk mako ana ba juna rance. Da suka ga hannunta a rubutu suka ba ta riƙon littafi. Wadda dala ashirin ta kunyata, yanzu ita ke tara jikkunan mata 25 tana faɗa wa kowacce abin da ake bin ta.

A Satumban 2024 ta koma neman aiki, wannan karon a kan lokaci, kuma ta sauko daga maganar kimiyya ko ba komai. Wata kolej mai zaman kanta ta ba ta awoyin Ingilishi a siziyam da sankiyam, aji na biyu, safiya uku a mako, ana biyan ta bisa awa, wani watan a makare. Wata abokiyar aiki ke taya ta cika takardun sakamako. Da marece yara masu shirin BEPC da BAC, jarrabawar kammala sakandare, suna zuwa gida, kuma abin da take samu a nan ya fi na makarantar.

Idan aka tambaye ni me ya yi magani, ba zan ce tafiya Kano ba, ko da yake kowa a gidan haka yake cewa. Tafiyar ta nuna mata ne cewa abin da take kewa ba ya can yana jiran ta. Rabin kewar ta Umma ce da dangi, wannan kuwa ba ta warkewa, ziyara da waya ke rage ta. Ɗaya rabin kewar kanta ce, matar da take kafin a kawo ta, kuma wannan ba a samo ta sai da aka ba ta abin yi da mutanen da ke buƙatar ta a nan. Ina kuma ganin an yi asarar shekara ɗaya da rabi a banza. Duk abin da aka tsayar a zaman baffa, babu wanda ba za a iya tsayarwa ba tun ranar tambaya, kuma wata shida na Faransanci a Kano kafin biki da ya rage rabin wahalar. Laifin bai tsaya kan miji shi kaɗai ba. Danginta sun tambayi asali da sana'a da hali, ba su tambayi harshen da ake koyarwa da shi a garin da za su kai malama ba.

Ba komai ne ya daidaita ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, sun ce ƴan CEDEAO za su ci gaba da shiga da zama ba biza, amma a watan nan ne kuma aka fito da sabuwar doka da ta tsananta maganar takardun zaman baƙi, don haka duk tafiya sai ta duba jakarta sau biyu kafin Ɗan Barto. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Mutane suka dinga yi mata barka, wai lokacinta ya zo. Masu kawo yara darasin gida sun ƙaru, gaskiya ne, amma SVT har yanzu da Faransanci ake koyar da ita. Damuwar ma takan leƙo, musamman da azumi da lokacin bikin dangi, sai dai yanzu ta san ta, maigida ma ya san ta, kuma sun san ƙofar da za su buga.

Maganar neman zama ƴar ƙasa tana gabansu, ita ce ma ke jan ƙafa, don ta ce sai ta shawarci baffa. Takardun ekibalans suna Yamai, ƙanin maigidan da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ne ke leƙa su. A ajina ta wuce rukunin masu farawa, kuma ta karɓi aron littafin SVT na siziyam wajen wani malami, tana bin sa babi babi tana rubuta sunayen da ta sani da sabon harshe. Ta ce idan takardun suka fito, aji ɗaya za ta nema ta gwada.